Ko a mayar da littafin bayanin PostgreSQL zuwa Markdown?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina koyon aiki da rumbun bayanai na PostgreSQL. Littafin bayaninsa ya cika dogayen jimloli, da na buɗe ainihin fayilolin kuma sai na tarar alamomi sun yi wa rubutun katutu. Ina son in sa hannu a gyaran. Ba zai fi ba a kwashe alamomin nan a koma Markdown, salon rubutun nan mai ƙarancin alamomi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Madalla da wannan niyya, sai dai aiki biyu ka haɗa, gyaran lafazi da sauya alamomi, kuma gara ka raba su.

Gyaran lafazi dai, bismillah. Jimlar da ta ci layi huɗu ka datse ta gida biyu, ka fara faɗin abin da umarni yake yi kafin ka shiga sharuɗɗansa. Amma ka yi hattara, a wannan fagen kalma ɗaya tana iya jawo asara. Umarnin DELETE layuka yake gogewa daga tebur, wato jadawalin da ake adana bayanai a ciki, kuma da WHERE kake zaɓar waɗanda za su tafi. TRUNCATE yana share tebur kakaf ya bar shi wayam. DROP kuwa har teburin yake ɗaukewa. In ka kira su duka "gogewa" da sunan sauƙaƙawa, wani zai wayi gari ba tebur ba dalilinsa. Haka NULL: ba sifili ba ne, nufinsa ba a san ƙimar ba. Shi ya sa kwatanta NULL da NULL da alamar daidai ba ya ba da gaskiya, sai an rubuta IS NULL. Irin wannan bayanin ba a taƙaita shi.

Alamomin da suka dame ka kuwa DocBook ne, wato tsarin sa wa rubutun littattafan fasaha alamomi. Tun fitowar PostgreSQL ta 11 a 2018 aka mayar da su XML daga SGML (hanyoyi biyu ne na rubuta irin waɗannan alamomi), ko da yake sunan fayilolin bai daina ƙarewa da .sgml ba. Alamomin ba ado ba ne. Daga rubutu guda ake fitar da shafukan intanet da PDF da shafukan man (taimakon da ake karantawa da umarnin man a kwamfuta), kuma alamomin ne ke ɗaure wannan sashe da wancan su gina fihirisa. Markdown, wanda John Gruber ya fitar a 2004, asalinsa ko tebur ba ya yi. Ya dace da ƙaramar manhaja mai bayanin shafi goma, amma ni ban ga ribar ɗora masa littafi mai dubban shafuka ba.

Inda alama ta hau kan alama ba gaira ba dalili, cire ɗaya. Ka tura gyaran lafazi daban, na alamomi daban, don mai dubawa ya gane abin da ya canja. Kafin ka tura, fitar da littafin daga fayilolin a kwamfutarka ka tabbatar mahaɗan da ke ɗaure sassansa ba su karye ba.