Amsa: Tsagar dutse da girgizar ƙasa

Malam, ka tambaya ko tsagar dutsen da ka gani a hanyar Katsina zuwa Dutsin-ma na iya kawo girgizar ƙasa. Ba kowace tsaga ba, sai wadda gefunanta suka gusa.

Ɗauki bulo biyu masu karkataccen baki ka haɗa. In ka janye su, ɗaya zai zame ƙasa. Haka babban kwarin Gabashin Afirka ya samu. In ka matse su, ɗaya ya hau ɗaya, kamar tsaunukan Himalaya. Akwai kuma masu gogar juna ta gefe, irin wadda ta girgiza Turkiyya a 2023. Abin tsoron, dutsen kan maƙale shekaru aru-aru, sai ya kuɓuce lokaci guda.

Koma ka duba jijiyoyin dutsen, wato layukan da ke ratsa jikinsa. In sun dace a gefe biyu, bai gusa ba.