Ba rijiya muke haƙa ba, Yaya, ledar tafki muke canjawa

Yaya, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali. Hoton nan da ka gani, mu shida a cikin rami babu mai takalmi, har ka buga waya kana tambaya ko rijiya muka koma haƙawa a Amurka, to ba rijiya ba ce. Tafkin iyon yara ne, ledarsa ta mutu muke sa sabuwa. Ka ce waya ba ta isa ba, in rubuto maka a natse, musamman abin da ya sa na kashe wayar da sauri na ce maka aikin ba ya jira.

Tafkin gida a nan iri biyu ne. Akwai na masu hali, wanda ake haƙa rami a zuba kankare. Akwai kuma irin namu, wanda asalinsa ɗora shi ake yi a kan ƙasa: langa-langa guda ɗaya doguwa ake warwarewa a zagaya da ita, gindinta ya zauna cikin wata kwarya ta ƙarfe, a kafa mata ginshiƙai, a rufe bakinta da falanki. Nawa faɗinsa ƙafa 24, tsayin bangon inci 52. Bangon nan ba shi ke tare ruwa ba, ko kofi ɗaya ba zai riƙe ba. Leda ce ake shimfiɗawa a ciki, ta rufe ƙasa ta hau bango, kamar yadda ake sa leda a cikin kwando. Kaurinta bai wuce rabin milimita ba, ko ya ɗara kaɗan, amma ita ke ɗauke da ruwa wajen lita 51,000, wato tan 51. Na san za ka ce ƙarya ce. Ni ma haka na ce ranar da na fara taɓa ta da hannu.

Binne shi rabi da ka gani, wanda ya sayar mini da gidan ne ya yi. Filin da ke bayan gidan (fili nake nufi, kada ka yi mini wata fassara) gangare ne, ruwa kuwa ba ya zama a karkace. Maimakon ya yi ciko a gefen kwari, wanda ba a so saboda cikon yakan zauna daga baya, sai ya yanke tudun ya zaunar da tafkin a ciki, ya mayar da ƙasa ta jingina da bango. Gefe ɗaya ƙasa ta rufe ƙafa biyu da rabi, ɗaya gefen ko tafin hannu ba ta rufe ba. Wasu kuma don kyan gani suke binnewa, ko don a rage hawan tsani.

Ka tambaya me ya kai Bahaushe ajiye tafki a gida. Yawancinmu ba neman sa muka yi ba, da gidan muka same shi, muka yi niyyar cirewa, matanmu suka hana. Tafkunan gari maza da mata a haɗe suke, ga irin shigar da ake yi. A gida kuwa, an zagaye da katanga, uwa da 'ya'yanta mata su shiga ruwa babu idon kowa. Kuma yaro a ƙasar nan ba ya rabuwa da ruwa, in ba a makaranta ba to a gidan aboki, gara ya iya iyo a gaban idonka. Katangar ma ba ra'ayinmu ba ce kawai. A yawancin garuruwa doka ta ce a tsare tafki da shinge mai tsayin inci 48 da ƙofa mai rufe kanta. Wanda bai binne nasa ba, a wasu wuraren bangon ma ya wadatar in ya ɗauke tsani. Wanda ya binne kuwa ya gajarta bangonsa da hannunsa, ɗan shekara biyu sai ya taka ya faɗa, don haka shinge ya zama dole.

Leda ba ta dawwama. Rana na cin ta daga sama, kulorin, wato maganin da ake zubawa don tsaftace ruwan, na cin ta daga ciki, man da ke sa ta laushi yana fita a hankali har ta bushe ta riƙa tsagewa kamar tsohuwar takarda. Wadda aka kula da ita takan yi shekara bakwai zuwa goma. Ƙaramar huda ana yi mata faci, akwai gam ɗin da ke kamawa a cikin ruwa ma. Tawa sai da na yi mata faci biyar, ranar da na danna yatsa a saman layin ruwa ya wuce, na san magana ta ƙare.

To ga inda gizo ke saƙa. Ka ɗauki gwangwanin lemo da ba a fasa ba ka matsa, ba zai lotsa ba. Ka shanye ka sake matsawa, yaro ma zai murƙushe shi. Bangon tafkin nan haka yake. An ƙera shi ne don ruwa ya tura shi waje, shi kuma ya ɗaure kamar ɗamara. Ba a ƙera shi don wani abu ya turo shi ciki ba. Muddin tafkin a cike yake, ƙasa na turowa, ruwa na mayarwa, an yi kunnen doki. Da ka janye ruwan, ƙasa ta samu fili. In busasshiya ce da ta daɗe ta kama jikinta, za ta iya tsayawa yini ɗaya ko biyu. In ta sha ruwa, nauyinta ya ƙaru kuma ta saki, sai ka ga bango ya yi ciki, ko gindinsa ya fice daga kwaryarsa. Duk wanda ya taɓa ganin rijiyar da ba a ɗaure ba ta rufta da damina ya san abin da nake faɗa.

Mun gani da idonmu. Wani ɗan'uwanmu a nan ya zubar da ruwansa ranar Juma'a, wai kafin ledar da ya yi oda ta iso ƙasan ya bushe. Leda ba ta iso ba, hadari ya iso. Ranar Litinin gefen tudun ya shigo ciki kamar an take shi da mota. Langa-langar da ta karye ba ta komawa daidai, kuma masu ƙera yawancin irin waɗannan tafkunan ba sa ɗaukar asarar wanda ya binne fiye da yadda suka yarda. Wanda ya fita canjin leda ya ƙare da sayen tafki. Tun daga ranar muka sa wa kanmu doka: ba a taɓa ruwa sai sabuwar leda tana cikin gida, an buɗe kwalin an tabbatar ita ce, an duba hasashen yanayi an ga kwana uku babu ruwan sama, an kuma san mutum nawa za su zo.

Awo da kanka za ka yi, kada ka dogara da abin da tsohon mai gida ya faɗa. Ka auna faɗi a wuri biyu ko uku, ka auna bango daga gindi. Ka kuma san yadda taka ke rataye, don iri uku ne: mai lanƙwasowa ta bayan bango a maƙale ta da roba, mai kauri a baki da ake cusawa cikin wani siririn layi, da mai ƙugiya da ke hawa kan bakin bangon kai tsaye. Mai shiga layi ta fi sauƙi, ba sai an kwance falankin sama ba. Wanda ya gina dandamalin katako ya rufe falankinsa, ranar canjin leda zai gane kurensa.

Ana jayayya a tsakaninmu kan tono. Wasu na cewa in ƙasar ta shekara da shekaru ta kwanta, a bar ta, a yi aikin cikin yini ɗaya a mayar da ruwa. Wasu sun yi sun tsira, musamman waɗanda aka yi musu cikon da yashi haɗe da ɗan siminti, wanda ke tsayawa da kansa. Ni ban yarda da wannan cacar ba in binnewar ta kai ƙafa biyu. Mun tone gefen tudun tun ruwa na ciki, muka ja ƙasar baya ta yi gangare, yadda ko ta zubo ba za ta jingina da bango ba. Shebur muka sa, a hankali, don tsinin diga ɗaya ya isa ya huda langa-langa. Kafin tono kuma a nan akwai lambar da ake kira, 811, su zo su sa fenti da 'yan tutoci inda bututun gas da wayar lantarki suka bi. Amma bututun tafkinka da wayar injinka ba ruwansu da su, kai za ka tuna inda suke.

Kwanaki kafin ranar na daina zuba kulorin don ya fita, saboda ba a sakin irin wannan ruwan a kwatar titi ko gidan maƙwabci, kuma ba a sakin sa kusa da tafkin, in ba haka ba ƙasar da kake tsoro ita za ka jiƙa. Doguwar mesa muka ja can gangare. Injin jan ruwa ya kwana yana ja, da asuba saura ɗan abin da bokiti zai kwashe. Sai muka sa reza muka yanka tsohuwar leda sala-sala muka naɗe.

Abin da ke ƙarƙashinta shi ne rabin aikin, kuma shi ne inda masu gaggawa ke cutar kansu. Duk inda tsatsa ta kama bango sai an kankare an shafa fenti, musamman ƙasan bakin da ruwa ke fita zuwa matata, don nan ne yoyo ke ɓoyewa shekara da shekaru. Kan notocin da suka haɗa bakin langa-langar a lulluɓe su da salatif mai kauri. Ƙasan tafkin yashi ne mai laushi, kaurin inci biyu ko uku, a tsince tsakuwa da saiwa, a yayyafa ruwa, a daddaɓe, a share sawu. Ruwan nan na danna kowace murabba'in mita da nauyin da ya wuce tan ɗaya, tsakuwar da ba ta kai ƙwayar gero ba sai ka ji ta a tafin ƙafarka shekara goma. Aya-aya ma tana nan ƙasar, kuma tana huda leda ta fito, in ka ga saiwarta kada ka bar ko ɗaya. Sannan a gindin bango ana tara yashi ya yi ɗan tudu zagaye, ko a manna soso da aka yanka don haka. In babu wannan tudun, nauyin ruwa zai tura leda ta ƙarƙashin bango, ƙarfe ya yanke ta.

Ana son rana mai zafi, daga digiri 21 a ma'aunin Salshiyas zuwa sama, don leda in ta sha rana takan yi laushi ta miƙe, in da sanyi kuwa ta ƙi. Shi ya sa ka gan mu ba takalmi, tsakar rana. A buɗe ta daga tsakiya, a ja har ɗinkin da ya haɗa ƙasa da bango ya zauna daidai kan tudun nan ta ko'ina. Nan ne mutum ɗaya ba zai iya ba, sai an tsaya a zagaye kowa ya riƙe gefensa, ɗaya yana kallo daga sama yana cewa ja nan, saki can. In irin wadda sai an kwance falanki ce, biyu ko uku ake cirewa a rataya leda a mayar, sannan a ci gaba. Ka cire duka lokaci ɗaya, iska kaɗan ta kwantar maka da bango.

Dabarar da na fi so maƙwabcina Bature ne ya koya mana. Ana zura bakin injin zuƙar ƙura ta ramin matata zuwa bayan leda, a toshe sauran kafofi da salatif, a kunna. Yana zuƙe iskar da ke tsakani, sai ka ga leda ta manne da bango kamar an goge ta da dutsen guga. Yana aiki ana sakin ruwa. Ruwa na kai idon sawu ko ƙasa da haka, kowa ya durƙusa ya riƙa tura tattarar daga tsakiya zuwa bango da tafin hannu. Wannan damar ba ta daɗewa. Ruwa ya kai taƙi ɗaya, babu ƙaton da zai motsa ta, tattarar da ta rage ta zauna ke nan. A daidai lokacin ka kira, shi ya sa na ce maka sai anjima.

Ramin matata da na bututun da ke dawo da ruwa ba a yanka su sai ruwa ya zo dab da su, don leda na ci gaba da miƙewa ƙasa yayin da take ɗaukar nauyi. Ka yanka da wuri, ramin ya sauka ya bar wurinsa, ka ɓata sabuwar leda. A sa sababbin robobin hana yoyo, a ɗaure murfin da notocinsa, sannan a yanka cikin. Da mesar gida cikawar takan ci yini da kwana ko fiye, shi ya sa masu binnanne da yawa ke kiran tankar ruwa da zarar an gama gyaran tattara. Ƙasar da muka tone ba mu mayar ba sai da tafkin ya cika, kuma da hannu, ba a kawo inji ya daddaɓe.

Ka ce me ya hana a ba ɗan kwangila. Ana ba su, amma da yawansu da sun ji binnanne ne sai su ja baya, ko su ce kai ka tone kuma in bango ya faɗi ba su da alhaki. Ga shi lokacin zafi kowa na neman su, ranar da za su ba ka ba lalle ta dace da ranar da sama ta bushe ba. Shi ya sa muka mayar da abin gayya, yau gidan wannan, baɗi gidan wancan, yanzu har muna da wanda ya ƙware a daddaɓe yashi, ba mai taɓa masa wannan aikin.

Lokacin hunturu ma ba a zubar da ruwan, rage shi kawai ake yi a rufe, ya daskare a ciki yana riƙe da bango har ƙanƙara ta narke. In Allah ya kawo ka, ka zo tsakanin Yuni da Agusta. Sai dai zurfin ƙafa huɗu ne kacal, binnewar ce ke sa ya yi kama da mai zurfi, don haka irin alkafurar da kake yi mana a rafi muna yara, ka bar ta a gida. A gaida su Yaya babba da yara.