Bindigar Kaka: Ta Gaske Ce Ko Kwaikwayo?

Malam, ka ce ka gaji wata bindiga ƙirar Lee-Enfield wurin kakanka a Tudun Wada, wai ta yaƙin Bama ce, kana tambayar nawa za ta yi.

Fara ɗora maganaɗisu a kan ƙarfenta. In bai kama ba, kuma ka ga tambarin Denix, kamfanin da ke ƙera makaman ado, to kwaikwayo ce daga Sifaniya, ƙarfen zinki da katako, ba ta harbi. Kuɗinta kuɗin ado ne, sai dai in katakon bai tsage ba kuma kwalinta na nan, ta ɗan ƙara daraja.

In kuwa maganaɗisun ya kama, tsaya, wataƙila ta gaske ce! A dokar makamai ta Nijeriya ta 1959, gado ba ya maye gurbin lasisi. Kai rahoto wurin 'yan sanda tukuna. Ko kwaikwayon ma kada ka ɗauko ta zuwa Kasuwar Barci a buhu, shingen bincike ba ya jiran bayani.