Ina cikin takaba, sai ga sammacin kotu na aikin juri

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Bronx cikin New York, kuma na samu takardar zama 'yar ƙasar Amurka. Maigidana ya rasu mako uku da suka wuce, yanzu ina cikin takaba. Jiya ɗana yana duba wasiƙun da suka taru sai ya ga sammaci daga kotun jiha, wai in je aikin juri, wato zama cikin mutanen gari da kotu ke kira su saurari shari'a su yanke hukunci, nan da mako biyu. Wata maƙwabciyata ta ce in jefar da shi, ba abin da zai faru. Ni kuma tsoro nake ji. Yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya jiƙan maigida, ya sa Aljanna ce makomarsa, ya ba ki haƙuri ke da yara.

Kada ki jefar da takardar nan. Na san maƙwabciyarki sauƙi take nema miki, amma shawararta ce za ta jawo miki wahalar da kike gudu. Abin da kike buƙata sunansa ɗage rana, kuma a jihar New York ɗagewar farko hakkinki ce. Ba sai kin roƙi kowa ba, ba sai kin kawo hujja ba, ba ma sai kin taka ƙofar kotu ba.

Ɗauko sammacin ki shimfiɗa shi a gabanki. Za ki ga wata lamba da aka ware miki ke kaɗai, kusa da sunanki, da ranar da ake son ki je, da lambar waya da adireshin intanet na neman ɗagewa. Ki kira ko ki shiga intanet ɗin, ki ba da lambar taki, ki zaɓi sabuwar rana. Sharuɗɗan biyu ne: ki yi hakan aƙalla mako ɗaya kafin ranar da ke jikin takardar, sannan sabuwar ranar ta kasance tsakanin wata 2 zuwa wata 6 daga waccan. Tunda saura mako biyu, kwana bakwai kacal kike da su a hannu. Ki sa ɗanki ya zauna kusa da ke ku gama yau, kafin masu ta'aziyya su cika falo a sake ajiye takardar ƙarƙashin kwanukan abinci a manta.

Sai zaɓen rana, kuma nan ne nake so ki yi lissafi da kyau. Takaba wata 4 da kwana 10 ce, kamar yadda ya zo a Suratul Baƙara aya ta 234. A ranar da kotu ta sa miki za ki kasance kin yi mako biyar, saura kimanin wata uku ke nan. Idan kika zaɓi wata biyu don kawai ki rabu da maganar, ranar za ta sake faɗowa cikin takaba, ga shi kin riga kin cinye damarki ta farko. Kada ma ki tsaya a wata uku cif, domin kotu tana ba da ranar da ta fi kusa da wadda aka zaɓa ne, ba lallai ita kanta ba. Ni shawarata ki ɗauki wata biyar ko shida. Bayan fita takaba akwai rabon gado, akwai zirga-zirgar banki da inshora, wataƙila ma ki so zuwa gida ki ga dangi. Idan kina da juna biyu kuwa, takabarki sai kin haihu, wannan sai ki yi magana da ofishin Kwamishinan Juri na Bronx, wato ofishin da ke aika irin wannan sammaci, kai tsaye ki haɗa da takardar likita.

Batun ko mai takaba za ta iya fita da rana saboda larura, wannan fagen malamai ne, ki tambayi limaminku. Ta ɓangaren doka dai ba a tilasta miki zaɓi tsakanin addininki da kotu ba, tunda ɗagewar ta rufe kwanakin gaba ɗaya.

Wataƙila ki ce me zai hana a cire ni ɗungurungum? Wannan wata ƙofa ce dabam, kuma ta fi ƙunci. Tun 1996 jihar New York ta soke keɓewar da ake yi wa wasu rukunin mutane, har likitoci da lauyoyi da alƙalai ana kiran su. Rasuwa ita kaɗai ba ta cika sa a yafe wa mutum aikin ba, ɗage masa ake yi. Abin da ke sa a yafe shi ne irin halin da rasuwar ta bar mutum a ciki: ke kaɗai ce yanzu ke kula da ƙananan yara ko tsohuwa mara lafiya, ko likita ya rubuta cewa jikinki ko zuciyarki ba za su ɗauki zaman kotu ba, ko rashin zuwa aiki zai hana ki biyan haya. Kowanne sai da shaida a rubuce, kuma ofishin Kwamishina ne ke yanke shawara. Idan za ki aika takardar shaidar rasuwa, ki aika kwafi, ki riƙe ta asali, domin wurare da yawa za su nema.

Ki sake duba saman takardar ki tabbata kotun jiha ce. Bronx tana ƙarƙashin kotun tarayya ta Gundumar Kudancin New York ma, wadda ke zama a Manhattan, kuma tsarinta dabam ne. A can sai an rubuta buƙata an faɗi dalili, dokar tarayya kuma ta yarda a ɗaga wa mutum ƙafa saboda matsanancin hali ko larurar gaggawa a iyali. Layi uku sun isa: mijina ya rasu ranar kaza, ina zaman makoki na addini har zuwa ranar kaza, ina neman a mayar da ni bayan wannan rana.

Shi kuwa wanda ya yi shiru, a kotun jiha za a sake aiko masa takarda, ana iya cin sa tara har dala 250, kuma duk da haka sai ya yi aikin. A kotun tarayya tarar tana kaiwa dala 1,000, ko ɗaurin da bai wuce kwana 3 ba, ko aikin al'umma. Gaskiya ba kasafai ake kai wa nan ba. Amma ban ga dalilin da mace mai takaba za ta kwana da fargabar wasiƙar kotu ba, alhali kiran minti biyar zai kashe maganar.

Abu biyu da ba ki tambaya ba, amma ba zan iya yin shiru a kansu ba. Sunayen da kotu ke kira daga rajistar masu zaɓe da masu lasisin tuƙi da masu biyan haraji ake ɗebo su, kuma ba a saurin sabunta su. Zai yiwu wata rana ki buɗe akwatin wasiƙa ki ga sammaci da sunan marigayi. Abin yana sosa rai, na sani. Ki mayar musu da kwafin takardar rasuwa, za su cire sunansa. Na biyu, akwai 'yan damfara da ke kiran mutane a waya suna cewa an fitar da takardar kama su saboda ƙin zuwa aikin juri, sai an biya tara nan take da katin kyauta ko ta waya. Kotu ba ta karɓar tara ta haka. Ki kashe wayar.

Idan sabuwar ranar ta zo kuma har yanzu zuciyarki ba ta kwanta ba, ki je, amma ki faɗi gaskiya. Kafin a zaɓi mutum 12 da za su saurari shari'ar babban laifi, alƙali da lauyoyi suna tambayar kowa ko akwai abin da zai hana shi natsuwa. Kina iya neman ki yi magana da alƙali a gefe, ba a gaban jama'a ba. Idan shari'ar ta shafi mutuwa ko asibiti, ki gaya masa an yi miki rashi kwanan nan, shi ma ba ya son a yanke wa wani hukunci da hankalin da ba ya wurin. Idan kuma kika yi aikin, a ƙa'ida kotunan jihar ba za su sake kiran ki ba sai bayan shekara 6.

Ki rubuta ranar da kuka nemi ɗagewar a bayan sammacin, da sabuwar ranar da aka ba ki, ki ajiye shi tare da takardun marigayi. Allah ya ƙara haƙuri.