Gudu daban, jinkiri daban

Ka ce mai gidan ya ƙara kuɗi an ba shi megabit 100, amma har yanzu in yana kiran bidiyo muryarsa sai ta makara, kuma kana tambaya ko a canza masa rauta, wato na'urar da ke rarraba intanet a gidan. Dakata tukuna, yarona, kada ka sa bawan Allah ya yi asara.

Megabit faɗin bututu ne, wato yawan abin da zai wuce cikin sakan ɗaya. Jinkiri kuwa lokacin da saƙo ke ɗauka ya je ya dawo, da milisakan ake auna shi, wato kashi ɗaya cikin dubu na sakan. Ko ka faɗaɗa bututu sau goma, tsawonsa na nan yadda yake.

Ka jona laftof ɗinka da kebul kai tsaye a jikin rauta, ka buga ping, wato umarnin da ke auna jinkiri, zuwa adireshinta, galibi 192.168.1.1 ne ko 192.168.0.1. Bai kamata ya wuce milisakan ɗaya ko biyu ba. Sai ka zare kebul, ka shiga ɗakin da ake kuka da shi, ka sake gwadawa ta Wi-Fi. In ka ga lambobi na tsalle, 4, 90, 7, 300, matsalar a iska take. Layin 2.4 GHz kowa a kansa yake, rautocin maƙwabta, har murhun maikurowef yana shiga masa. Ka mayar da na'urorin gidan 5 GHz, in bango ya hana, ka bar su a 2.4 GHz ka zaɓi tasha 1, 6 ko 11.

In cikin gida lafiya lau ne, ka koma kan kebul ka buga ping zuwa 8.8.8.8, wani adireshin Google a intanet, ka sa -t a Windows don kada ya tsaya. Yana cikin tafiya, ka sa wani ya tura babban bidiyo daga wayarsa. Zuba ido. In daga 30 ya haura 500, ka kama ɓarawon. Ni dai a nan na fi samun sa. Hanyar turawa ta fi ta saukewa ƙunci a yawancin layukan gida, sai waya ɗaya mai kwashe hotuna zuwa ma'ajiyar intanet ta cika ta. Rauta ba ta saurin zubar da kaya, tara su take yi a dogon layi, muryar mai gida kuma ta tsaya a bayan hotuna dubu tana jiran a zo kanta. Maganinsa, in rautar na da SQM, wato tsarin da ke hana layin yin tsawo, ka kunna, ka sa iyakar gudu kamar kashi 90 cikin 100 na abin da ka auna da hannunka, ba abin da kamfani ya rubuta a takarda ba. Za a rasa ɗan gudu, amma ba wanda zai lura.

Akwai kuma wanda ba hannunka a ciki. Haske a cikin faiba, wato kebul ɗin zaren gilashi, yana cin kimanin kilomita 200,000 a sakan, saboda haka duk kilomita 1,000 milisakan 10 ne zuwa da dawowa. Tauraron ɗan'adam mai tsaye a nisan kilomita 35,786 kuwa, wajen milisakan 600 zai ba ka, ko wace irin rauta ka saya.

In jinkirin sai da daddare yake zuwa, kuma ba mai tura komai a gidan, cunkoso ne daga wajen kamfani. Ka buga tracert, wato umarnin da ke jero jinkirin kowane zango a hanyar saƙo, da safe, ka sake da dare, ka ɗauki hoton duka biyun kafin ka kira su. Kada tsalle ɗaya a tsakiyar jerin ya ruɗe ka in na ƙasansa sun sauko. Wanda ya hau ya ƙi saukowa har ƙarshe, shi za ka nuna musu.