Amsa ga Alhaji kan sa zoben ɗaure kaya a bayan a-kori-kura

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Alhaji, na saurari saƙonka. Ka ce Hilux ɗinka ba ta da wurin ɗaure kaya a cikin bodi, sai ƙananan ƙugiyoyin nan na waje da ake maƙala igiyar tamfol, kana so ka sa naka da kanka, kuma an ce maka sukuru kawai za ka ɗaura. To ranka ya daɗe, maganar sukuru a ajiye ta. Ƙarfen daɓen bodi bai wuce kaurin milimita ɗaya da ɗan wani abu ba. Sukuru zai riƙe yau, amma ranar da aka taka birki da ƙarfi zai yago ƙarfen ya fito, kamar yadda maɓalli ke yaga tsohuwar riga. Ba zoben ne ke riƙe kaya ba, abin da ke ƙarƙashinsa ne.

Kayan da za ka nema, a Ƙofar Ruwa ko Panteka duk za ka samu. Zoben ƙarfe mai gindi, irin wanda ke kwanciya idan ba a amfani da shi, guda huɗu. In kana ɗaukar babur ko firiji ka sa shida. Ka zaɓi mai huda biyu a gindi, ya fi mai huda ɗaya, don ba ya juyawa. Bolti kuma M8 ko M10, wato mai kaurin milimita 8 ko 10, ka duba kansa ka ga an buga 8.8. Wanda babu lamba a kansa ƙarfe ne mai laushi, ka bar musu kayansu. Noti ka ɗauki mai roba a ciki, don girgizar hanya ba ta kwance shi. Sai washa, sai uban tafiyar, wato farantin ƙarfe da za ka sa ta ƙasa. Ka je wurin mai walda ya yanko maka mai kaurin milimita 4 ko 5, faɗinsa kamar santimita 8 zuwa 10, ya goge kusurwoyinsa da giranda su zama kewayayyu. In an bar su da tsini, su ne za su riƙa cin bodin har ya tsage.

Akwai lambobi iri biyu da ake rubutawa a jikin zobe da bel ɗin ɗaure kaya. Ɗaya nauyin da zai tsinka shi ne, ɗaya kuma nauyin da aka yarda ka yi aiki da shi, wanda galibi kashi ɗaya cikin uku ne na wancan. Mai shago babbar lambar zai nuna maka, kai ƙaramar za ka bi. Ƙa'idar ɗaure kaya ta Turai, EN 12195, tana lissafin cewa a birki mai ƙarfi kaya na turawa gaba da kashi 80 cikin 100 na nauyinsu, a kwana kuma suna turawa gefe da kashi 50. Wato duro mai lita 200 na ruwa, kilo 200 ke nan, zai tunkuɗo gaba da ƙarfin kilo 160. Ka ga ai ba aikin sukuru ba ne.

To yanzu wurin hudawa, nan nake so a saurara da kyau. Kafin ka taɓa injin huda, ka ja birkin hannu, ka sa wa taya dutse, ka shimfiɗa kwali ka kwanta ƙarƙashin motar da tocila. Tankin mai yana nan ƙarƙashin bodi ta gaba, ga bututun da ke sauko da mai daga murfi, ga bututun birki, ga wayoyin fitilun baya, ga salansa da sifiya taya. Wani wurin tsakanin daɓe da tanki ko yatsu uku ba za su shiga ba. Za ka kuma ga wasu ƙarafa da suka gitta ƙarƙashin daɓen suna tallafe shi. Kusa da su ne wuri mafi ƙarfi, sai kusurwoyi huɗu, kamar santimita 10 zuwa 15 daga bango. Tsakiyar fili inda babu tallafi, nan ne mafi rauni. Kuma ka tabbata hannunka da sifana za su kai wurin ta ƙasa, don sau da yawa sai an gama huda a tarar babu ta inda za a sa noti.

Daɓen yana da tudu da kwari. Ka nemi inda gindin zoben zai zauna daram, farantin ƙasa ma ya kwanta sosai. In ya hau kan tudu ya bar rata, da ka matse zai lotsa ƙarfen, bayan mako guda ka ji yana ƙwaram-ƙwaram. Ramukan fitar ruwa da ke kusurwar gaba kuma kada ka toshe su.

Ka auna, ka yi alama, ka ɗora ƙusa ka buga da guduma sau ɗaya don bakin injin ya samu wurin zama. Fara da ƙaramin baki, milimita 3 ko 4. Ka zura masa guntun tiyo ko katako, ka bar tsininsa kamar santimita ɗaya kawai a waje, yadda ko ya ɓurma da ƙarfi ba zai kai ga tanki ba. Da ka yi ƙaramar hudar, ka zura waya ka sake leƙawa ƙasa ka ga inda ta fito. In lafiya lau, sai ka faɗaɗa: milimita 9 ga M8, 11 ga M10. A hankali, da ɗigon baƙin mai, kada bakin ya ƙone.

Garin ƙarfen da ya zuba ka kwashe shi tas da maganaɗisu, in ka bar shi ruwan sama ɗaya ya isa ya zama ɗigon tsatsa a fenti. Ka goge bakin ramin, ka shafa jan fentin nan mai hana tsatsa, ka bari ya bushe, sannan ka ɗan sa silikon. Zobe a sama, bolti da washa, faranti ta ƙasa, sai noti. Aikin mutum biyu ne, ɗaya ya riƙe sama ɗaya ya matse ƙasa. In akwai sifana mai awon matsi, M8 wajen 25, M10 wajen 50 a ma'aunin ƙarfin matsi da ake rubutawa Nm. In babu, ka matse har faranti ya kama gam, ka tsaya. Da ka ga daɓen ya fara lotsawa ka wuce gona da iri.

In bodinka na da shimfiɗar roba mai tauri, ka yanke ta daidai gindin zoben, ƙarfe ya haɗu da ƙarfe. Roba tana lanƙwamewa a rana, bolti ya saki.

Na san wani zai ce, me zai hana a yi walda a huta? Ana yi, amma ni ban so. Ƙarfen siriri ne, wuta na huda shi, tana ƙone fentin ƙasa inda ido ba ya gani, tsatsa ta fara daga nan, ga tankin mai a kusa. In dole sai walda, a cire kan batir, kuma a yi ta nesa da tanki. Masu a-kori-kurar Toyota Tacoma daga 2005 zuwa sama ma cikin bodinsu ba ƙarfe ba ne, masu Ford F-150 kuma daga 2015 alminiyom ne, su nasu tsarin daban.

Wajen ɗaurin kansa, bel ɗin da ya haye kan kaya ya sauko a miƙe shi ke danne su. In ya kwanta ya kai digiri 30, rabin ƙarfinsa kawai ke dannawa. Shi ya sa ƙarin zobba biyun nan, a tsakiyar kowane gefen bodi, ke da amfani ga gajerun kaya irin janareta. Kaya masu nauyi ka matsa da su jikin bangon gaba, kada a bar musu filin gudu. Bayan tafiyar farko da kaya, ka sake bin notunan da sifana, ka leƙa gefen kowane faranti ko fenti ya tsage. In ya tsage, farantin ya yi ƙanƙanta, a sauya mai faɗi. Kafin ka huda kuma, Alhaji, ka turo mana hoton ƙarƙashin bodin a nan mu duba maka wurin.