Littafin da aka ba mu a aji ya tono mini abin da nake ɓoyewa

Gwaggo, ina gaisuwa da fatan kina lafiya.

Ni ɗalibi ne a aji biyu na jami'a, sashen Turanci. A zangon nan an ba mu littafin The Chosen na Chaim Potok, aka ce kowa ya rubuto shafi huɗu kan yadda littafin ya taɓa shi. Labarin Danny ne, ɗan wani babban malamin Yahudawa a Amurka, wanda ake jira ya gaji mahaifinsa, shi kuwa hankalinsa na kan ilimin halayyar ɗan Adam. Na miƙa rubutun farko, malaminmu ya dawo mini da shi, ya ce labarin kawai na maimaita, bai gan ni a ciki ba. Saura kwana goma a karɓa.

Abin da na kasa rubutawa shi ne, mahaifina limami ne, yana da makarantar zaure, ni ne kuma babban ɗansa namiji. Kowa a gida ya ɗauka ina gama digiri zan dawo in hau buzunsa, ni kuwa aikin jarida nake so. Da na kai babin ƙarshe sai da na yi hawaye. Wani abokina ya ce ina kuka a kan Bayahude alhali ina ganin abin da ake yi a Gaza, maganar nan ta tsaya mini a rai. Laifi na yi? Yaya zan rubuta jingar nan ba tare da na tona asirin gidanmu ba? Kuma ta ina zan ɓullo wa Baba?

Ɗanki mai neman mafita.

Amsa

Ɗana, sannu. Matsala uku ka ɗaure da igiya ɗaya, shi ya sa alƙalaminka ya tsaya. Mu kwance su.

Maganar abokinka ba za ta ɗauke mu lokaci ba. Tausayin yaro ɗan shekara goma sha biyar da mahaifinsa ba ya yi masa magana bai zama goyon bayan wata gwamnati ba. Littafin ma da kansa ya nuna Yahudawan unguwar Williamsburg ta Brooklyn sun rabu gida biyu kan kafa Isra'ila. Mahaifin Danny, Reb Saunders, ya ƙi yarda a kafa ƙasar kafin zuwan Almasihun da suke jira, har ya hana ɗansa kula amininsa Reuven kusan shekara biyu saboda mahaifin Reuven yana yi wa kafa ta kamfe. Idan kuma abin da ya dame ka shi ne an ba da labarin 1947 da 1948 ba tare da an ji muryar Bafalasɗine ko ɗaya ba, to ka samu abin rubutawa ke nan. Suka ce ta gaskiya, kuma tana da gurbi a jingarka.

Yanzu rubutun. Malaminka ya san labarin, abin da bai sani ba shi ne inda ya tsaya maka. Don haka taƙaitawa kada ta wuce sakin layi ɗaya, layi shida ko bakwai: an buga littafin a 1967, labarin ya fara a 1944 da wasan besbol inda ƙwallon da Danny ya buga ta fasa tabarau ɗin Reuven ta ji masa ciwo a ido, daga gadon asibiti abota ta ƙullu. Shi ke nan. Sauran shafi uku da rabi naka ne.

Ka ware kwana uku ka koma wa wurare uku kawai, da fensir a hannu. Na farko babi na shida, inda mahaifin Reuven ya ba da tarihin ɗariƙar Hasidim tun daga kisan gillar da aka yi wa Yahudawa a 1648 a ƙasar Folan har zuwa bayyanar Baal Shem Tov, wanda ya kafa ɗariƙar. Ɗalibai suna tsallake babin nan don babu tashin hankali a ciki, daga nan kuma sai su ɗauki Reb Saunders a matsayin azzalumin uba kawai. A wurin mabiyansa shi tzaddik ne, jagoran da suke gani a matsayin tsani tsakaninsu da Ubangiji, shi ya fito da su daga Rasha zuwa Amurka, kuma muƙamin gado ne a gidansu. Wanda bai fahimci wannan nauyin ba ba zai gane me Danny yake shirin ajiyewa ba. Na biyu wurin da Danny yake laɓewa a laburare yana koyon Jamusanci don ya karanta littattafan Freud, shahararren masanin halayyar ɗan Adam. Na uku babi na goma sha takwas, ranar idin Ƙetarewa na Yahudawa, inda uban ya bayyana dalilin shirunsa: ya ga Danny yana ɗan shekara huɗu ya karanta labarin wani talaka mai shan wuya, ya haddace shi tsaf, ko gezau bai yi ba. Tsoro ya kama shi cewa ya haifi kaifin ƙwaƙwalwa marar tausayi, sai ya zaɓi ya rene shi da shiru, ba sa magana sai a kan karatun Talmud, kundin shari'ar Yahudawa, don yaron ya ɗanɗani ciwo ya san na wasu.

A gefen kowane wuri ka rubuta abu uku: me ya faru, me ka ji, wace jimla ce ta jawo jin. Ta ukun ce ake ba wa maki. "Na ji haushi" ba hujja ba ce sai ka nuna layin da ya ba ka haushin da lambar shafinsa. Daga nan ka fitar da matsaya guda wadda wani zai iya yi maka musu a kai, misali cewa hujjar uban ta bayyana shirun amma ba ta wanke shi ba, ko akasin haka. Ni a ganina ba ta wanke shi ba, domin shekarun da yaron ya yi cikin kaɗaici ba a biya shi su da jawabin yini ɗaya ba, amma kai za ka yanke naka hukuncin.

Ga inda ake yawan zamewa. Reuven ne mai ba da labari, ba mu taɓa shiga zuciyar Danny ba, don haka duk inda za ka ce "Danny ya ji kaza" ka tambayi kanka wa ya faɗa maka. Kada kuma ka manta Reuven ma ya saɓa wa burin mahaifinsa, an so ya zama farfesan lissafi ya zaɓi malantar addini. Yaran biyu musayar hanya suka yi, kuma wanda ya lura da haka rubutunsa ya fi na mai kallon Danny shi kaɗai. Batun gidanku kuwa jimla biyu sun isa: ka taso inda ake sa ran babban ɗa ya gaji malantar ubansa, wannan ya sa ka karanta littafin da ido daban. Ba suna, ba gari.

Saura Baba, kuma nan na fi so ka natsu. Halinku ya yi kama da na littafin amma bai zama ɗaya ba. Limanci a Musulunci da ilimi ake cancantarsa, hadisin da ke cikin Sahihu Muslim ya gabatar da wanda ya fi iya karatun Alƙur'ani, al'ada ce ta riƙe shi a gida guda a garuruwa da yawa. Wannan sani naka ne don hankalinka ya kwanta, ba abin da za ka je ka karanta wa limami a zaurensa ba ne.

Kuskuren Danny shi ne jinkiri. Ya nemi gurbi a jami'o'i uku, takardun amsa suka iso gida ta gidan waya, uban ya ga ambulan kafin ɗan ya buɗe baki. Kada Baba ya ji maganarka a bakin wani. Kana da shekara biyu kafin ka gama, ka fara a hutun nan. Ka samu baffanka ko aminin Baba wanda yake jin nauyinsa, ka fara zama da shi, shi zai zaɓi lokacin, ba ranar Juma'a ba, ba kuma a gaban almajirai ba. Ka je da amsar tambayoyin da dole za su taso: wa zai riƙe makarantar, ƙani ne ko babban almajiri, kuma shekara nawa yake buƙata ya ƙware, wane littafi za ka ci gaba da ɗauka a wurin Baba duk hutu, da me za ka ci abinci a shekarun farko na aikin jarida. Reb Saunders ma da ya sallami ɗansa abin da ya tambaya shi ne ko zai aske gemu, da ko zai ci gaba da kiyaye dokokin addini. Tsoron uba irin wannan yawanci a kan ta biyun yake, don haka ita za ka fara amsawa tun kafin a yi maka ita.

A zaman farko kada ka nemi a yanke hukunci. Ka faɗi abin da ke ranka, ka saurara, ka yi godiya ka tashi. Idan Baba ya yi shiru kwana biyu ko mako, ka ci gaba da gaishe shi safe da yamma da zama a darasinsa kamar kullum, baffan ya koma masa bayan sati biyu.

Gwaggonka.